Babu Birnin da Yake Cibiyar Duniya

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin masu bi. Ana jinta a ƙofar majami'a bayan an tashi daga sujada, ana jinta a tashar mota, wani lokaci ma har cikin wa'azi. Maganar ita ce wai duniya tana da cibiya, cibiyar nan kuwa wani birni ne can nesa. Mutumin Maraɗi da na Garwa da na Njamena suna cewa Faris ce. Mutumin zangon Kumasi yana cewa Landan ce. Samarin yanzu sun ƙara da Niyok da Dubai da Bejin. Wanda bai taka ɗaya daga cikin biranen nan ba, in ji su, bai ga duniya ba tukuna, zaman jira kawai yake yi.

Da maganar ta tsaya nan, da sai a ce hirar matasa ce. Amma waɗansu masu wa'azi sun ɗora mata wani abu mafi muni. Suna koyar da cewa dogayen benaye da fitilu da dukiyar waɗannan birane su ne shaidar cewa Allah yana tare da su, talaucin ƙauye kuwa shaidar cewa Allah ya juya masa baya. Wannan koyarwa ƙarya ce, kuma tana cin rayuka. Saboda ita uba yakan sayar da gonar gado ya ba ɗansa kuɗin mota zuwa Agadas, daga can a bi hamada zuwa Libiya, daga can a shiga kwalekwalen roba. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da masu ƙaura ta ƙidaya mutum fiye da 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a tekun Bahar Rum daga 2014 zuwa 2024. Waɗanda ƙishirwa ta kashe cikin rairayi kafin su ga teku ba su cikin wannan lissafi. Saboda ita kuma ikkilisiya takan raina kanta, ba ta iya yanke shawarar gyaran rufin ɗakin sujada sai ta jira wasiƙa daga ƙetare.

Maganin wannan cuta shi ne tarihi, gama birane da yawa sun riga sun ce su ne cibiyar duniya, mutanen zamaninsu kuma sun gaskata. Bari a bi su a ga inda suka ƙare.

NINEBA DA BABILA

Wajen shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya mai da Nineba babban birninsa. Ganuwarta ta kai kimanin kilomita 12, ya haƙa magudanan ruwa daga duwatsu masu nisa domin lambunansa. Shi ne ya kawo wa Yahuza yaƙi a zamanin sarki Hezekiya, ya ci garin Lakish, ya sa masassaƙa suka zana yadda aka kwashi mutanen garin bayi a jikin bangon fadarsa, domin duk baƙon da ya shigo ya gani jikinsa ya yi sanyi. Daga Masar har iyakar Farisa, in an ambaci Nineba sai sarakuna su fara lissafin haraji.

A shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu, Babilawa da Mediyawa suka haɗa kai suka ƙone ta. Bayan kimanin shekara 200 wata rundunar Helenawa ta bi ta wurin, marubucinsu ya ga katangu masu girma babu kowa ciki, ya rubuta wurin da wani suna dabam, gama ko sunan Nineba bai ji ba. Tudun ƙasa ta zama a hayin kogin Dijla, daura da garin Mosil na Iraƙi, har Turawa suka zo suka tona ta wajen tsakiyar ƙarni na 19. Duwatsun nan da aka zana bayin Lakish yanzu suna gidan ajiye kayan tarihi a Landan, 'yan makaranta suna wucewa ta gabansu suna hira.

Babila ta gaje ta. A gidan tarihin nan na Landan akwai wani ɗan allo na yumɓu, bai fi tafin hannu ba, wanda wani malamin Babila ya zana taswirar duniya a kansa: teku ta kewaye ƙasa kamar zobe, kogin Yufiretis ya ratsa, Babila tana zaune a kai kusa da tsakiya. Haka suka ɗauki kansu. Nebukadnezzar, wanda ya yi sarauta daga 605 zuwa 562, ya rushe Urushalima wajen shekara ta 586, ya ƙone Haikali, ya kwashe tasoshinsa da mutanensa. Bayahuden da aka kora zuwa Babila ya ga ƙofofi masu shuɗin tubali da hasumiya mai hawa-hawa, zuciyarsa tana iya raya masa cewa gumakan wannan birni sun fi Allahn kakanninsa ƙarfi. Wannan ita ce jarrabar da masu wa'azin dukiya suke sa wa matasa a yau. Amma shekara 47 kawai bayan faɗuwar Urushalima, a 539, Sairus na Farisa ya shiga Babila, ya ba Yahudawa izinin komawa gida. Waɗansu da aka kai su suna yara sun ga wannan da idonsu.

Kangon Babila yana kudu da Bagadaza, tafiyar kimanin kilomita 85. Babbar ƙofarta Jamusawa sun kwashe tubalanta sun sāke gina ta a Balin. A shekarun 1980 Saddam Husaini ya sa aka yi sabon gini a kan kangon, aka buga sunansa a jikin tubala kamar yadda Nebukadnezzar ya yi. A 2003 sojojin Amurka suka kafa sansani a wurin, a 2006 aka rataye shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma shi bai ji ba.

ROMA

Ba birnin da ya yi wannan kirari da ƙarfi kamar Roma. A shekara ta 20 kafin haihuwar Almasihu, Kaisar Augustas ya kafa wani ginshiƙi mai ruwan zinariya a dandalin birnin, aka ɗauke shi a matsayin mafarin dukan hanyoyin daular. Mutanen birnin sun kai wajen miliyan ɗaya. Umarni ɗaya daga fadar Kaisar ya isa ya tashi kafinta da matarsa mai ciki daga Nazarat zuwa Baitalami domin ƙidaya. Kaisar ya mutu bai taɓa jin sunan jaririn da aka haifa a tafiyar nan ba.

Mai karatu ya tambaya, me mutum miliyan ɗaya suke ci a birnin da ba ya noma abin da zai ishe shi? Alkamar Masar da ta Afirka ta Arewa suke ci. Jiragen ruwa suna kwaso ta a matsayin haraji, ana raba wa mutum wajen 200,000 kyauta domin kada su tayar wa Kaisar da hankali. Manomin bakin kogin Nilu shi ya ciyar da mai zaman banza na Roma. A shekara ta 70 Titus ya rushe Urushalima, har yau ana ganin hoton alkukin Haikali a kafaɗar sojoji a jikin ƙofar nasara da aka gina masa. Bayan shekara 10 aka buɗe babban filin wasan nan na Kolosiyum, mai cin mutum wajen 50,000, inda ake sa mutane su kashe juna ana tafi. Ganimar Yahudiya tana cikin abin da aka gina shi da shi. To, wannan dukiya albarkar Allah ce? Wanda ya ce tsawon gini shi ne shaidar yardar Ubangiji, dole ya ce Ubangiji ya yarda da Titus ya ƙi Haikalinsa, ya yarda da Nero ya ƙi Bitrus da Bulus waɗanda aka kashe a birnin nan.

Romawa suna kiran birninsu madawwami. A watan Agusta na shekara ta 410, Alarik sarkin Gotawa ya shiga shi, sojojinsa suka yi kwana 3 suna wawashe shi. Kusan shekara 800 ke nan maƙiyi na waje bai taɓa cin Roma ba, saboda haka duniya ta girgiza. Masu bautar gumaka suka ce laifin Kirista ne, tun da aka bar gumakan dā. Kirista da yawa kuma suka rikice, gama sun riga sun haɗa bangaskiyarsu da ganuwar Roma, suna gani in ta faɗi Mulkin Allah ya faɗi.

Wanda ya amsa musu ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau. Ya yi shekara 13, daga 413 zuwa 426, yana rubuta littafinsa mai suna Birnin Allah, kashi 22. Ya nuna cewa Roma ta sha masifu tun tana bautar gumaka, ya nuna kuma cewa girmanta ya fito daga sha'awar mulki da zub da jini. Ya koyar da cewa jama'a biyu ne suke tafiya a cakuɗe cikin tarihi, ɗaya son kai ya tara ta, ɗaya ƙaunar Allah, kuma babu wata daula ta duniya da za a nuna da yatsa a ce ita ce ta biyun. Agustin ya rasu a 430 maƙiya suna kewaye da garinsa. A 476 aka tuɓe Kaisar na ƙarshe na yamma. Mutanen Roma suka ragu har suka koma 'yan dubbai, dandalin nan da ginshiƙin zinariya ya tsaya ya zama makiyaya, mutanen gari suna kiransa filin shanu.

BIRNIN KIRISTA MA YA FAƊI

Wani zai ce, ai waɗannan biranen arna ne, shi ya sa. To, ga Kustantiniya. Sarki Kustantin ya keɓe ta a shekara ta 330, aka kira ta Sabuwar Roma. A 537 aka gama majami'ar Hajiya Sofiya, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru babu majami'ar da ta kai ta girma a duniya. Mutanenta sun tabbata birninsu ba zai ciwu ba domin na Kirista ne. Waɗanda suka fara fasa shi kuwa Kirista ne 'yan'uwansu, mayaƙan yamma masu gicciye a riga, a shekara ta 1204, suka kwashe har kayan bagade. Ran 29 ga Mayu 1453 Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu ya ci birnin. Yau sunansa Santanbul, majami'ar nan kuma masallaci ce.

Musulmi ma sun ɗanɗana irin wannan. Halifa Mansur ya kafa Bagadaza a 762, ta zama matattarar malamai da likitoci da fatake, a 1258 Mongolawa suka rushe ta suka kashe halifa. Ba sai an je nesa ba. Gawo ta Askiya Muhammadu ta yi mulki daga bakin Kwara har Agadas, a 1591 'yan dubban sojojin Maroko masu bindiga suka karya rundunarta a Tondibi. Birnin Gazargamu na sarakunan Barno da Alƙalawa ta Gobirawa duka sun faɗi a 1808, yau kufai ne. Damagaram ita ce hedkwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926, sai aka sa hannu a takarda aka mai da ita Yamai. Tsofaffi ba su yi ƙarya ba da suka ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

LANDAN DA FARIS

Yanzu a zo kan biranen da ake yi wa kirari a ƙofar majami'a. A 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washintan suka amince a fara auna duniya daga Girinic, wata unguwa a Landan, har agogon kowa ya koma bin nata. Wannan shi ne ginshiƙin Augustas ya dawo da sabon suna. A shekarar nan kuma aka fara taron Balin, inda ƙasashe 14 suka tsara yadda za a mallaki Afirka, babu Ba'afirke ko ɗaya a teburin. Layin da ya raba Maraɗi da Katsina, ya raba wa da ƙane, a Faris da Landan aka ja shi cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Wajen 1900 Landan tana da mutum kimanin miliyan 6 da rabi, babu birnin da ya kai ta, daularta ta zo ta riƙe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar duniya.

Su ma a tambaya, me suka ci suka yi ƙiba? Kokon manoman Asante da zinariyarsu, gyaɗar Damagaram da Maraɗi, audugar da aka tilasta wa manoman kudancin Cadi shukawa tun daga 1928. Daga 1921 zuwa 1934 Faransa ta shimfiɗa layin dogo daga Barazabil zuwa bakin teku da aikin tilas, aka kwaso Sarawa daga Cadi, ma'aikata aƙalla 17,000 suka mutu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit, shekaru da yawa yana cikin abin da ya haskaka titunan Faris, alhali yawancin ƙauyukan Nijar da fitilar hannu suke kwana. Saurayin da yake kallon hoton Faris da dare yana cewa Allah ya albarkace su, bai san guminsa da na kakansa yake kallo ba. Babban birni rumbu ne da waɗansu suka cika. Wanda ya yi wa rumbu sujada ya raina manomi ya juya gaskiya kai ƙasa.

Ga kuma abin da ya kamata kowane yaro a Cadi da Kamaru ya haddace. Ran 14 ga Yuni 1940 sojojin Jamus suka shiga Faris babu wanda ya tare su. Cibiyar duniya ta zama garin da baƙi suke ba da umarni. Wane ne ya fara miƙewa a Afirka? Feliks Ebuwe, gwamnan Cadi, baƙar fata, shi ne ya bi Janar Dagol ran 26 ga Agusta 1940, Kamaru ta bi washegari, Barazabil ta zama hedkwatar Faransa mai 'yanci. Daga Cadi rundunar Lakilak ta tashi, yawancinta 'yan Afirka, ta ci Kufra a 1941. Wato ranar da birni ya faɗi, bakin daji ne ya tallafe shi. Ladan da aka biya kuwa, ran 1 ga Disamba 1944 a barikin Caroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi suka nemi haƙƙinsu aka buɗe musu wuta.

Landan ba a ci ta ba, amma ta sha bamabamai dare 57 a jere a 1940, ta fito daga yaƙi da bashi wanda ba ta gama biyan Amurka ba sai 2006. A 1957 Gana ta karɓi 'yanci, sauran suka bi. A 1976 gwamnatin Ingila da kanta ta je neman rance wurin Asusun Lamuni na Duniya, wannan asusu da ƙasashen Afirka suka san ɗacin sharuɗansa. Biranen nan biyu suna nan da dukiya da manyan makarantu, ba su zama kufai ba. Amma ikon nan na zana iyakar mutane a kan tebur ya riga ya bar hannunsu.

AMSA GA MASU GARDAMA

Masu gardama suna da hujjoji, ya kamata a ba su amsa.

Suna cewa, ba daga can Bishara ta zo ba, da makaranta da asibiti? Lalle 'yan mishan da yawa sun bar gida sun zo, waɗansu zazzaɓi ya kashe su suna samari, kaburburansu suna nan. Wanda ya ƙi gode musu butulu ne. Amma Bishara daga Galili ta fito, lardin da mutanen Urushalima ma suke rainawa. Ta isa Habasha har sarki Ezana ya karɓe ta a ƙarni na 4, alhali manzon da Roma ta aika wa Ingilishi bai sauka Ingila ba sai 597. Waɗanda suka kawo ta ƙasar Hausa kuma ba su iya kome ba sai da 'yan ƙasa. Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram, ya bi Bature Barth zuwa Ingila a 1855, ya zauna da mai wa'azi Schön yana koya masa Hausa, da taimakonsa aka juya waɗansu littattafan Sabon Alkawari, daga baya ya komo gida. Abu mafi daraja da ya kai Landan shi ne harshen uwarsa. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, wanda mutane suke ƙetare iyaka domin su zo, a ƙauye aka kafa shi. A 1900 Kiristan Afirka ba su wuce wajen miliyan 10 ba, yau sun haura miliyan 600, har limamai daga Afirka suna riƙe da majami'u a Faransa da Ingila saboda ƙarancin nasu.

Suna cewa, ai Bulus ya tafi Roma, Yunusa ya tafi Nineba, Irmiya ma ya gaya wa kamammu su gina gidaje a Babila su yi mata addu'a. Gaskiya ne, saboda haka babu wanda ya ce birni la'ananne ne, ko zuwa cikinsa zunubi ne. Mutanen Faris da Niyok 'yan Adam ne, Almasihu ya mutu dominsu. Amma Yunusa ya je ya kira Nineba ga tuba ne, Bulus kuma da sarƙa a hannu ya shiga Roma, yana ɗauke da abin da Roma ba ta da shi. Daniyel ya yi aiki a fadar Babila, amma ya ƙi abincin sarki, tagarsa kuma tana buɗe wajen Urushalima. Babu ɗayansu da ya tafi domin ya gaskata cewa Allah ya fi kusa a can. Wanda karatu ko aiki na halal ya kai shi birni, ya tafi da albarkar iyaye da ta ikkilisiya. Laifin yana ga wanda ya mai da birni gunki.

Suna cewa, to Roma fa, ba can Fafaroma yake zaune ba? Abin da ya ba Roma daraja a idon ikkilisiya kaburbura biyu ne, na masunci da na maɗinkin tanti, waɗanda Kaisar ya kashe. Fadar Kaisar kango ce, masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su shiga. Jibin Ubangiji da ake yi a rumfar zana a ƙauyen Cadi bai gaza wanda ake yi a majami'ar Bitrus da kome ba, duk mai koyar da katekisim ya san haka.

Hujja ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Suna cewa, a gida babu aiki, damina ba ta da tabbas, wanda ya tafi shi yake aiko da kuɗin magani da na makaranta. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma mai ƙoshi bai kamata ya yi wa mai yunwa dogon wa'azi ba. Tafiya ci rani tsohuwar al'ada ce, babu kunya cikinta. Amma a yi lissafi da gaskiya. Ana ganin gidan kwano da ɗaya ya gina, ba a ƙidaya tara da suka maƙale a Libiya, ko suke kwana a ƙarƙashin gada babu takarda, suna aiko da hoto a gaban motar wani domin kada a yi musu dariya a gida. Gonar da aka sayar kuwa ba ta dawowa.

SAUYA UBANGIDA

Akwai wani sabon kuskure da ya fito daga tsohon. Mutane da yawa sun gaji da Faris, suna da dalili. Ba su manta da 12 ga Janairu 1994 ba, ranar da aka karya darajar sefa rabi, farankin Faransa ɗaya da yake tamma 50 ya koma 100, talaka ya wayi gari kuɗin magani ya tashi ba wanda ya shawarce shi. Sojojin Faransa sun fita daga Nijar a Disamba 2023, daga Cadi a Janairu 2025. Amma waɗansu da suka sauke hoton Faris daga bango sun rataya na Mosko ko na Bejin a ƙusa guda, suna cewa yanzu an gano cibiyar gaskiya. Su tuna cewa ran 25 ga Disamba 1991 aka sauke tutar Tarayyar Sobiyat a Mosko, daular da rabin duniya yake tsoro ta watse cikin 'yan watanni. Su tuna cewa a 1860 sojojin Ingila da na Faransa sun wawashe fadar sarkin Sin a bayan Bejin, aka cinna mata wuta, alhali Sinawa suna kiran ƙasarsu ƙasar tsakiya. Washintan ma, da dukan ƙarfinta, ta kwashe sojojinta daga Kabul a guje a 2021 bayan shekara 20. Ƙasa tana iya yin ciniki da kowa, wannan aikin shugabanni ne. Amma bawan da ya sauya ubangida bai zama ɗa ba, kuma babu birnin da ya taɓa yin girma domin tausayin ƙauyen wani.

ABIN DA YA KAMATA

Saboda haka masu wa'azi su daina auna yardar Allah da tsawon bene. Wanda ya tsaya gaban jama'a ya yi alkawarin biza da sunan Yesu, ya karɓi baiko a kai, dattawan ikkilisiya su kira shi su tsawata masa, in ya ƙi su hana shi wa'azi. Waɗanda suka je suka dawo su tashi a taron matasa su faɗi abin da suka gani duka, har da sanyi da wulakanci da gawawwakin da suka wuce a hanya. Iyaye kada su sayar da gona domin kuɗin hamada, zumuntar mata kuma ta sa baki tun kafin a kira dillali, gama uwaye ne suke fara jin shirin tafiya. Kuɗin da ikkilisiya take tarawa domin tarbar baƙo daga ƙetare, a raba shi a koya wa samari biyu ko uku aikin kafinta ko gyaran famfo ko noman rani. A makarantar Lahadi a koya wa yara sunan Agustin da Ezana da Dorugu, domin su san ba a bakin duniya aka haife su ba.

Wahayin Yahaya, wanda aka rubuta lokacin da Roma take kan ganiyarta, ya kira ta da sunan Babila, ya nuna 'yan kasuwa suna kuka a kanta. Birnin da littafin ya ƙare da shi kuwa daga sama yake saukowa, ba a gina shi da harajin kowa ba, ba a neman takardar shiga a ƙofarsa. Mai bi da yake Dogon Dutsi ko Yaguwa ko zangon Tamale nisansa da wannan birni daidai yake da na mai bi da yake Landan. A gaya wa samari haka tun ba su hau mota ba.